Inda Kacala Ta Shaƙe Hanyar Ruwa

Uwargida, in kin taɓa sayen bandar kifi aka ce miki daga Nguru take, zo in kai ki inda ta fito.

Hutu na samu a asibiti, na tafi wajen gwaggota a wani ƙauye da ke bakin Marma, mashigar da ke kai ruwan kogin Haɗeja tafkin Nguru a Jihar Yobe. Da sassafe muka shiga kwalekwale. Na zaci zan ga ruwa shimfiɗe, sai ga ciyawa dama da hagu, ta fi mutum tsayi. Kacala ke nan.

A da, kogin kan cika da damina ya malala cikin fadama, tarwaɗa da karfasa su bi shi su yi ƙwai, da rani ya janye. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma kwarara kaɗan-kaɗan duk shekara. Abin da kacala ke so ke nan. Saiwarta na tare laka, hanya ta toshe, ruwa ya cinye gonakin wasu, na ƙasa kuma su rasa.

Ni ma'aikaciyar jinya, da na ga yara suna wanka a ruwan nan mai kwanciya, gabana ya faɗi. Nan sauro ke hayayyafa, nan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ke zama. In ɗanki ya fara fitsarin jini, kada ki jira, ki kai shi asibiti.

Da la'asar na tarar da masunta da manoma a gindin tsamiya suna shirya gayya. Ba su yi gaggawar ɗaukar lauje ba. Sai da suka tsayar da mashigar da za a fara buɗewa, suka aika wa ƙauyukan ƙasa, don kada gyaran wani ya zama ambaliyar wani. Suka amince a yanke ciyawar a ƙarƙashin ruwa don ta ruɓe, a kuma ajiye raga mai ƙananan ido, 'ya'yan kifi su samu su girma.

Saura guda ya fi ƙarfin lauje: a riƙa sako ruwan madatsun yadda zai cika fadama da damina, ya janye da rani.

Da zan taho, gwaggo ta ƙulle mini tarwaɗa uku a leda, tana ba ni haƙuri wai ƙanana ne. Allah Ya sa baɗi in tarar da manya.