Tsohuwar Fanka da Soron Azara

A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, zafin bazara kan haura digiri 40 a watan Afrilu. A irin wannan lokaci ne fankar ɗakin gyatumar wani magidanci ta gaza, ya shiga shawarar ko ya gyara ta ko ya sauya.

Fankar da ta rage gudu, galibi kafasitarta ce ta mutu, kuma canjinta kuɗi kaɗan ne. Wadda ke ƙauri kuwa wayar cikinta ce ta ƙone. Sabon naɗi kan ƙara mata kwana, amma ranar da aka ɗauke wuta ba ta da amfani. Nan ne mai batir da sola ta fi ta.

Sai dai fanka kaɗa iska take yi, ba ta sanyaya ta. Rufin kwano kan gasa ɗaki tun hantsi, alhali kaurin ƙasar soro kan jinkirta shigar zafi har yamma. Da ya auna haka, sai ya canza kafasita, ya fasa rushe soron tsohuwar don buga kwano, ya kira magini ya sake yaɓe kafin damina ta faɗi.