Godiya ga Waɗanda Suka Kawo wa Baba Jibin Ubangiji Har Gida

Baba Fasto, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata na Zumunta, matasa da dukan 'yan'uwa a ikilisiyarmu ta Potiskum: Mahaifinmu ne ya kamata ya tsaya gabanku ya yi wannan godiya da bakinsa, amma tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi a daminar bara, harshensa ya yi nauyi. Don haka ni, babbar 'yarsa, na ɗauki alƙalami a madadin gidanmu.

Alherin da kuka yi mana ba ya ƙidayuwa. Kun yi baiko na musamman aka biya kuɗin magani. Matasa sun riƙa karɓa-karɓar kwana a asibiti don Mama ta samu ta runtsa, kuma su ne suka yi gayya suka nome mana gero da wake lokacin da ciyawa ta kusa cinye gonar. Matan Zumunta kuwa sun raba ranaku a tsakaninsu, yau kunun tsamiya, gobe tuwon dawa da miyar kuka, ba ranar da kwano bai shigo gidanmu ba. Allah ya saka muku.

Amma da za ku tambayi Baba abin da ya fi tsaya masa a rai, zai nuna muku wannan tiren da ake rufewa da farin ƙyalle. Duk Lahadin da aka ci Jibi, bayan an tashi sujada kowa ya nufi gida, sai Baba Fasto da dattawa biyu su shigo mana da gurasa da ƙoƙo. Ba wanda ya roƙe ku. A zuwanku na farko hannunsa na dama bai iya ɗaguwa ba, sai ɗaya daga cikin dattawan ya durƙusa a gefen katifa ya sa masa gurasar a baki, ya tallafi kansa ya sha. Na ga hawaye na gangarowa ta gefen fuskar da ba ta motsi. Na zaci zafin ciwo ne, ashe murna ce.

Waɗanda suka zo garin nan daga baya ba lalle su gane dalilin wannan hawaye ba. Baba yana cikin waɗanda suka ƙi barin Potiskum a 2012, lokacin da motocin Jos da Gombe ke cika da iyalan Kirista suna gudu. A daren jajibirin Kirsimeti na shekarar aka shiga majami'ar ECWA a ƙauyen Peri aka kashe mutum 6, har da fastonsu. A ranar 5 ga Yuli, 2015, bam ya tashi a majami'ar Redeemed a unguwar Jigawa ana tsakiyar sujada, mutum 5 suka rasu. A shekarun nan an hana hawa babur, ana caje kowa a bakin ƙofa, mutum yakan yi sallama da iyalinsa da safe kamar ba zai dawo ba. Duk da haka Baba bai taɓa fashin teburin Ubangiji ba. Abin da bindiga ta kasa raba shi da shi, sai ga ciwo yana neman raba shi da shi cikin ruwan sanyi. Ku ne kuka hana hakan faruwa.

Na daɗe ina cin Jibi, amma a ɗakin Baba na ƙara fahimtarsa. Ubangiji ya kafa shi a Urushalima, a Idin Ƙetarewa, a daren da aka bashe shi, yana zaune da mutanen da ya san za su watse su bar shi kafin gari ya waye. Tun farko ba abincin masu ƙarfi ba ne. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 11, manzo Bulus ya tsawata wa ikilisiyar domin masu hali suna ci su ƙoshi, marasa shi suna zaune da yunwa. A ganina ikilisiyar da ta ci Jibi ta manta da wanda ke kwance a gida ta kama hanyar wannan laifin. Ku ba ku manta ba.

Mu mutanen Arewa mun san abin da ake ji idan aka sayar da gona da shanu don a karɓo ɗan'uwa daga hannun masu garkuwa: wanda aka karɓo ɗin ba ya da abin da zai biya, sai dai ya rungumi mutanensa ya yi kuka. Haka fansarmu take. Almasihu ya biya da jikinsa da jininsa, mu dai karɓa kawai muka yi. Baba mutum ne da ya saba bayarwa, shekara da shekaru shi ne mai zagayawa da tire a majami'a, kuma ya yi masa wuya ƙwarai ya koma wanda ake yi wa komai. Baba Fasto, maganar da ka faɗa masa a ranar zuwanku na farko ce ta kwance masa wannan ƙulli, da ka tuna masa cewa a gaban wannan tebur kowa mai karɓa ne, har da kai da kake rabawa. Tun daga ranar ya daina jin kunyar a ciyar da shi. Yanzu idan ana waƙar fansa, da hannun hagu yake buga katifa yana bin amshi.

Akwai wanda ba ya cin wannan Jibi tare da mu, amma godiyata ba za ta cika ba idan ban ambace shi ba. Maƙwabcinmu, Alhaji, dillali ne a kasuwar shanu. Shi ne ya fito da motarsa cikin tsakar dare ya kai Baba asibiti, ya tsaya har aka ba shi gado. Wutar da ta ƙone mu ta ƙone su Alhaji ma: an kai hari kasuwarsu a watan Mayun 2012, kuma a ranar 10 ga Nuwamba, 2014, ɗalibai fiye da 40 suka mutu a makarantar sakandaren kimiyya ta garin nan, 'ya'yan kowa da kowa. Baba Alhaji, Allah ya bar zumunci, ya raya maka zuri'a. Ma'aikatan jinya da suka yi haƙuri da mu, ku ma mun gode.

Baba ya ce in sanar da ku abu biyu. Daga yanzu zuwa ƙarshen shekara, gidanmu ne zai riƙa kawo gurasar Jibi, kuma ƙannena maza a shirye suke su raka dattawa duk gidan da ake da mara lafiya. Sannan, tun da wani ɗan'uwa ya ara mana keken guragu, yana so a Ista mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, a kawo shi majami'a ya ci tare da ku. Muna roƙon matasa su taimaka mana wajen hawa da shi matakalar ƙofa.