Da ruwan ciki ake jan na rijiya

A garin Dakoro akwai wani malamin makarantar boko wanda ya shafe wata huɗu yana fama da takardu ashirin da ƴan kai. Da rana yana gaban allo, da dare kuwa, in wutar lantarki ta yi haƙuri, sai ya buɗe tsohuwar kwamfutar da ya sayo a Maraɗi, ya shiga gyaran jimlolin da ya riga ya gyara sau goma. Maƙwabta sun ɗauka jarrabawar shiga aikin duwan yake shiryawa, alhali dosiye ne yake haɗawa na neman tallafin yin fim.

Fim ɗin a kan kawunsa ne, wani dattijo maginin rijiya, wanda ya ƙare ƙarfinsa a cikin ƙasa, daga yankin Kornaka har kwarin Tarka, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma da kiwo. Duk wanda ya san arewacin Dakoro ya san ruwa yana da nisa: rijiya takan kai gaba talatin ko arba'in, sai an ɗaura igiya ga sa ko raƙumi, dabba ta yi tafiya mai tsawo kafin wasaki ya leƙo. Abin da malamin yake so shi ne ya saukar da kamara cikin rijiya kamar yadda ake saukar da mutum, mai kallo ya ga bakin rijiya yana ƙanƙancewa har ya koma kamar tauraro, ya ji numfashin magini da muryoyin makiyaya suna dusashewa a sama. Ba mai sharhi, ba kiɗa, ba ƴan wasa. Irin wannan fim ba a sayar da shi a kasuwa, don haka dole a nemi wanda zai ɗauki nauyinsa. Ga shi kuwa dattijon ya tsufa, ƙirji ya fara damunsa, kuma a cikin ƴaƴansa ba wanda ya gaji sana'ar.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da dosiye a nan, domin ma'aikaci zai tarar da abin da ya saba, ɗan kasuwa ma haka. Da fari akwai taƙaitaccen labari, shafi ɗaya. Sai takardar niyya, inda mai fim zai faɗi dalilin da ya sa shi ne ya dace ya yi wannan aiki, kuma me ya sa yanzu. Sai tsarin fim ɗin daki-daki, wato a rubuta abin da ido zai gani tun ba a ɗauke shi ba. Sai lissafin kuɗi, da jerin wuraren da kuɗin za su fito, da jadawalin aiki, da yarjejeniya tsakaninsa da kamfanin shirya fim mai rajista, da ɗan samfuri na mintoci kaɗan. Asusun tallafi kuma kowanne da ƙofarsa: wani rubutu yake tallafa wa, wani ɗauka, wani kuwa haɗa hoto da sauti bayan an gama. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba, ko da labarinsa ya kai zuma daɗi, ba za a buɗe ba.

Takardar niyya ce ta fara kayar da shi. Ya rubuta ta da Faransanci mai kyau, irin wanda yake koyarwa, ya cika ta da fari da yunwa da hamada mai cin gonaki. Ya ambaci 1973, ya ambaci 1984, ya ambaci 2005, shekarar da kamarorin duniya suka cika jihar Maraɗi suna ɗaukar yara masu tamowa. Duka gaskiya ne, kuma ya san kalmomi ne da kunnen masu ba da kuɗi ya saba da su. Ranar wata Juma'a ya je gaida dattijon, ya fassara masa abin da ya rubuta. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce: "Malam, to ni ina nake a ciki? Rijiyar da na gina ba ta taɓa rufta wa kowa ba. Wannan ka rubuta shi?" Malamin ya ce: "Ban rubuta ba, Kawu." Da ya koma gida sai ya share shafi biyu. Sabuwar takardar ta yi magana a kan yadda magini yake gane ƙasa da launinta da danshinta, da yadda yake sanin lokacin da iska ta yi ƙaranci a ƙasa, da amanar da ke tsakaninsa da mutumin da ke riƙe da igiya. Ta fi ta farko gajarta, ta kuma fi ta wuyar rubutawa.

Ba shi ne ɗan ƙasar nan na farko da ya bi wannan hanya ba, abin da ya ƙarfafa masa zuciya ke nan. Sani Elhaji Magori, ɗan Galmi, malamin gona ne kafin ya koyi aikin fim ta hanyar shirin Africadoc da jami'ar Saint-Louis ta Senegal. Fim ɗinsa na 2008, Pour le meilleur et pour l'oignon, a kan albasar garinsu ne da auren da ke jiran kuɗinta. A na biyu, Kukan Kurciya, ya ɗauki zabiya Hussey har Abijan domin waƙarta ta kira mahaifinsa gida. A'isha Macky ta Damagaram ta fito da L'arbre sans fruit a 2016, a kan matar da ba ta samu haihuwa ba, ta biyo da Zinder a 2021. Kowannensu daga ƙofar gidansu ya fara, kuma kowannensu sai da ya zauna ya rubuta dosiye kafin ya ɗauki kamara. Gabaninsu akwai Mustafa Alasan, wanda ya zana kwaɗi ya motsa su a Bon voyage Sim tun 1966, da Umaru Ganda, wanda fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage.

Amma hanyoyin kuɗi sun sha sauyawa. Asusun Fonds Sud na Faransa, wanda aka kafa a 1984, an maye gurbinsa da wani a 2012. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci tana da nata asusu tun 1988, sai dai Nijar ta ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar a watan Maris na 2025, don haka wajibi ne ɗan ƙasar nan ya karanta sharuɗɗan kowace ƙofa da kyau kafin ya ɓata tawada. Akwai asusun IDFA Bertha a Amsterdam ta ƙasar Holan, da World Cinema Fund a Berlin ta Jamus, waɗanda dosiyensu da Ingilishi ake haɗawa. Ke nan abin da dattijo ya faɗa da Hausa a bakin rijiya, malamin ya mai da shi Faransanci, wani abokin aikinsa ya sake mai da shi Ingilishi. A kowane juyi akan zubar da wani abu, kamar ruwan wasaki a kan hanyarsa ta zuwa sama.

Da ya zo kan lissafi, sai ya gane cewa fim ma haja ce mai farashi. Hayar kamara da na'urar sauti daga Yamai, ladan masu riƙe su, mota da manta na mako shida, abinci, fitilu, sababbin igiyoyi masu ƙarfi domin kada a yi wasa da rai, haɗa fim, rubuta fassara a ƙasan hoto, da haƙƙin dattijon da mutanensa, wanda ya ƙi yarda a bar shi a matsayin goro. Jimla ta tashi miliyan 18 na sefa. Shi da albashinsa na wata bai taɓa ganin kwatankwacin haka ba, sai da gabansa ya faɗi. Da ya raba da 656 ya ga bai kai yuro dubu 28 ba, kuɗin da a Turai ba a kiransa kuɗin fim.

Abin da ya hana shi barci shi ne shafi na gaba, inda ake tambaya: wa ya riga ya sa hannu? Masu tallafi ba su cika son su zama su kaɗai ba. Sukan so su ga an fara tara wani abu a gida. A nan shafinsa fari ne fat. Ya rubuta wa ofisoshi uku. Ɗaya ya amsa da fatan alheri, biyu har yau shiru. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi kuwa cikinsa ba ko ɗigo.

Ranar kasuwa ya tafi wurin wani Alhaji dillalin dabbobi, abokin marigayi mahaifinsa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi bayani. Alhaji ya yi tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi: "Nawa za ta dawo da shi?" Malamin ya san cewa a Kano ƴan kasuwa ne suka ɗaga finafinan Hausa bayan fitowar Turmin Danya a 1990, domin kaset yana sayuwa. Yana iya yi wa Alhaji alkawarin riba irin waccan, amma bai yi ba. Ya ce: "Alhaji, ko dala ba za ta dawo ba. Sai dai jikokinka za su ga yadda aka samo ruwan da shanunka suka sha." Alhaji ya daɗe yana jan tasbaha, sa'an nan ya tambayi sunan maginin. Da ya ji, sai ya ce ai shi ya gina rijiyar da ubansa ya shayar da garke shekara da shekaru. Kuɗi dai bai bayar ba. Ya ce ga motarsa ta daji da direba na tsawon mako shida, mai kuwa malamin ya nema.

Wannan ma kuɗi ne, in an san yadda ake rubuta shi. Aka ƙiyasta hayar motar, Alhaji ya sa hannu a takarda. Wani ma'aikacin gandun daji mai ritaya ya ba da ɗakuna biyu na saukar baƙi. Magajin wani ƙauye ya ce hatsin ma'aikata a wuyansa. Malamin ya ƙara da abin da ya samu a adashi. Duka-duka bai kai kashi ɗaya cikin biyar na jimlar ba, amma shafin ya daina zama fari, kuma sunayen da ke kansa na mutanen Dakoro ne. Fim ɗin da baƙo ya biya shi kaf, baƙo yake fuskanta in zai yi magana. Wanda ƴan gari suka sa wa hannu kuwa dole a dawo a haska musu shi, su ce an yi daidai ko an yi ƙarya. Saboda haka ya ƙara layi ɗaya cikin lissafi: hayar janareto da farin ƙyalle, domin nunin farko a bakin rijiyar.

Ranar ƙarshe intanet ta ƙi ɗaukar samfurin. Ya hau mota ya yi tafiyar fiye da kilomita ɗari zuwa Maraɗi, ya aika da dosiyen saura awa uku a rufe. Amsa sai bayan watanni, kuma masu nema sun fi masu samu yawa nesa ba kusa ba. Ya san haka tun kafin ya fara. Da ya dawo bai zauna jira ba. Duk Juma'a yakan ɗauki wayarsa ya tafi wurin kawun nasa, ya ajiye ta a kan tabarma, tsohon yana ba da labarin rijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, da sunan wurin da zurfinta da wanda ya riƙe masa igiya. Zuwa yanzu sun kai ta goma sha ɗaya. Allah ya ba dattijo lafiya, ya sa a dace.