Rumfar Waya Filin Aro Ce

A Sakkwato yau, ba sai mutum ya mallaki rumfa a Babbar Kasuwa zai yi ciniki ba. Cikin ɗalibaina akwai matan aure masu tallata atamfa da turaren wuta a WhatsApp da Instagram. A daidaita farashi ta waya, a tura kuɗi ta banki, ɗan kabu-kabu ya kai kaya. Da ribar wasunsu ke biyan kuɗin makaranta. Abin yana burge ni, amma ina da fargaba.

A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jiharmu saboda matsalar 'yan bindiga. Ranar 4 ga Oktoba kuma, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a faɗin duniya. Wanda bai san masu sayen kayansa ba sai a shafi, kasuwarsa ta tashi ba shiri.

Zanen aro ba ya rufe katara. Shi ya sa nake ce musu su rubuta sunayen abokan cinikinsu a littafi, kuma kayan da aka nuna a hoto su ne za a kai. Wanda ya ɗanɗani amanarki zai nemo ƙofar gidanki ko babu intanet.