Vergina, Makwancin Sarakunan Makidoniya

Daga Tasalonika, babban birnin arewacin Girka, tafiyar kusan awa guda ce a mota zuwa Vergina, ta tsakiyar gonakin 'ya'yan itatuwa. Ƙauye ne da ba zai ja hankalin mai wucewa ba, amma a nan tsohon birnin Aigai yake, tushen sarautar Makidoniya. Ko bayan da fada ta koma Pella, nan ake dawo da sarakuna a binne su, nan kuma ake shagulgulan gidan sarauta.

A 1977 ne masanin kayan tarihi Manolis Andronikos ya haƙa wani ƙaton tudu, ya tarar da kabarin da hannun ɓarawo bai taɓa ba. Galibin masana sun tafi a kan na Sarki Filibus na II ne, mahaifin Iskandar Mai Girma, ko da yake har gobe akwai masu ja. Dabarar Girkawa ta burge ni ƙwarai: sun gina gidan tarihin a kan kaburburan, suka sake lulluɓe shi da ƙasa. Sai ka gangara cikin duhu, fitilu na haska kayan kawai. Ga akwatin zinariya da aka zuba ƙasusuwan sarki bayan an ƙone gawarsa, bisa al'adarsu, murfinsa ɗauke da tauraro mai tsinke 16. Ga kambin zinariya mai ganyaye 313, ga sulke da kwalkwalin ƙarfe.

Ni kam inda na fi daɗewa shi ne gaban wani ɗan kai na hauren giwa, wanda bai kai tsawon yatsa ba. Fuskar mai gemu ce, wadda ake ɗauka ta Filibus ce, da tabo a idon dama. Filibus ya rasa wannan idon ne a 354 kafin Miladiyya, yana kewaye da garin Methone da yaƙi. Mai sassaƙar bai ɓoye tabon ba, don a wurinsu sarki shi ne na gaba a fagen fama. Manyan fadawansa, waɗanda ake kira abokan sarki, tare suke farauta, tare suke shaye-shaye, kuma suna yi masa musu ido da ido. Shi ya sa da Iskandar ya nemi a riƙa faɗuwa gabansa irin na Farisawa, mutanensa suka ce ba su san zancen ba.

Gadon sarauta kuwa ba shi da tsayayyen tsari. Dole dai sarki ya fito daga zuriyar Argead, amma ba lallai ɗan fari ba. Wanda manya da mayaƙa suka yi wa mubaya'a shi ke hawa. Filibus ya auri mata bakwai, akasarinsu don ƙulla zumunci da maƙwabta, sai 'ya'ya da dangin uwayensu suka cika fada da hanƙoro. Ya kuma riƙa tattaro 'ya'yan manyan ƙasa samari suna yi masa hidima, suna koyon yaƙi da mulki, kamar yadda ake kai ɗan hakimi riƙo gidan sarki. Tarbiyya ce, garkuwa ce kuma, don uban da ɗansa ke kwana a ƙofar ɗakin sarki ba ya saurin tawaye.

A kan gangaren dutse fadar Filibus take, wadda aka sake buɗewa a 2024 bayan dogon gyara. Daga farfajiyarta mai jerin ginshiƙai kana hango filin Makidoniya shimfiɗe har iyakar ganinka. Ƙasa kaɗan da ita akwai dandalin wasan kwaikwayo. A nan, a 336 kafin Miladiyya, ranar bikin auren 'yarsa Kiliyofatara, Filibus ya shigo sanye da fararen kaya, ya ce dogarai su ja baya, don baƙin da suka zo daga biranen Girka su ga sarkin da ba ya tsoron mutanensa. Ɗaya daga cikin masu tsaron nasa, Pausanias, ya daɓa masa wuƙa. Nan take aka yi wa Iskandar mubaya'a yana ɗan shekara 20, kuma kafin ya ƙetara zuwa Asiya a 334 ya sa an kashe ɗan baffansa Amintas, wanda shi ma yake da haƙƙin gadon.