Inugu, Birnin da Kwal Ya Haifa

A Tamale, idan aka ambaci gawayi, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne buhunan da ake saukewa a kasuwa, na itacen da aka ƙona a daji. Sai dai akwai wani gawayin da ba ɗan Adam ne ya ƙona shi ba, wato kwal, wanda ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. Mai son ganin garin da kwal ya haifa, sai ya nufi Inugu, a kudu maso gabashin Najeriya.

Baƙon da ya fito daga arewa yakan gangaro ta tsaunin Milliken, bisa hanya mai yawan kwana. Da hunturu, hazo kan lulluɓe tuddan Udi, sanyin asuba kuma ya ratsa riga. A cikin waɗannan tuddai ne aka gano kwal a 1909. Zuwa 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal, ma'aikata suka yi ta kwararowa, sansaninsu ya zama birni. Kwal ɗin Inugu ne ya riƙa tuƙa jiragen ƙasa masu jigilar gyaɗar Kano, har ma akan kai shi Gwalkwas, Ghana ta yau.

Arzikin nan bai zo a banza ba. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan masu yajin aiki a mahaƙar Iva Valley, suka kashe mutum 21. Jininsu ya ƙara wa fafutukar neman 'yancin kai ƙaimi.

Bahaushe ma yana da abin tunawa a nan. An zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko. Duk ɗan zango ya san nauyin wannan labari: baƙo ya zauna, ya yi hali nagari, har 'yan gari suka damƙa masa amana.

Da jiragen ƙasa suka koma amfani da dizal, ga kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sai kasuwar kwal ta faɗi. Yau ramukan sun yi tsit, ciyawa ta rufe bakinsu, amma unguwar Coal Camp na nan cike da 'yan kasuwa da makanikai, tana riƙe da sunan.