Tiyon da Aka Kewaye

Tun ina yaro nake ganin Peugeot 504 ɗin Baba, haɗin Kaduna, tana jigilar kwandunan tumatir daga gonarmu ta Kadawa zuwa Kwanar Gafan. Yanzu tana hannuna, ta tsufa, ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashinta.

Da bakanike ya ɗaga bonet a Kura, sai ya nuna mini wasu tiyo biyu da suka bushe suka tsattsage kamar bayan kada. Su ne ke kai ruwan zafin inji zuwa hita, akwai kuma ɗan bawul mai buɗewa da rufewa, tsatsa ta cinye shi. Ya ce, "Malam, a haɗe bakinsu kawai, ruwan ya koma inji. Wa ke neman ɗumi a Kano?"

Gaskiyarsa, haka ake yi, kuma ya fi araha. Amma ni na san asubahin hunturu a bakin magudanar da ke kawo ruwan Tiga, lokacin da ake ba alkama ruwa, yatsu su ƙage har ka kasa riƙe fartanya. Nan Baba yake sa ni a gaban mota, ya murɗa hita, iska mai warin ƙura da roba ta daki ƙafafuna.

Sai da na yi sati biyu kafin a samo bawul ɗin a Ƙofar Ruwa, na hannu. Muka ɗaure sababbin tiyo, muka cika lagireto, muka bar injin yana aiki har iskar da ta maƙale ta fita.

A watan Afrilu ne, ana tsananin zafi. Duk da haka na kunna.